Ƙwaryar Masu Ɗaci

Inna ta rasu da ciwon hanta shekara huɗu bayan an ba mu mulkin kai, kuma har yau idan aka tambaye ni abin da ya kashe ta, sai in ce kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne, kwana ne. Amma akwai hannuna a ciki, kuma na gaji da laɓewa a bayan wannan amsa. Jikokinta sun san ta a matsayin mace mai haƙuri da ta kwanta ciwo ta mutu. Ba su san abin da ta yi shekaru tana ci ba, ba su kuma san wanda ya tara mata shi a ƙwarya ba.

Ƙauyenmu yana arewa da Tsibiri, kan hanyar Cadakori, garin gero ne da gyaɗa, wadda mu can muke kira gujjiya. Gidanmu tsohon gida ne, tun kakannin kakanni muke noma gonakin nan. Ni kaɗai aka kai lakol, wato makarantar boko, shi ma ba don ana so ba. An ce kowane gari ya ba da yaro, Baba kuma ya dubi 'ya'yansa ya zaɓi wanda hauya ba za ta yi kewarsa ba. Shekarar da aka sauke tutar Faransa na dawo gida da takarda, da keken gwamnati, da aikin malamin gona. Shekarata ashirin da biyu. Mutane suka fara kirana mushe, yadda ake kiran malaman lakol, tsofaffi kuwa suna jan kalmar a baki suna ƙyafta wa juna ido, don kowa ya san ɗaya ma'anar. Ban damu ba. Kaina ya riga ya kumbura, ba'a ba ta samun ƙofar shiga.

Abin da aka ɗora mana a buro, wato ofishinmu, shi ne gyaɗa. An ce masu saye a ƙasashen waje suna ƙorafi, wai tamu tana zuwa da tsakuwa da ruɓaɓɓu, kuma ƙasa sabuwa ba za ta fara da abin kunya ba. Don haka a tsince ta ƙwaya-ƙwaya kafin ta shiga buhu. Na karɓi maganar nan kamar daga sama aka saukar da ita. Kafin zuwana, mata sukan ɓare, su sheƙe, su fid da tsakuwa da wadda ta ruɓe ƙiri-ƙiri, sauran duk su tafi tare, ko buhu ko tukunya. Mummuna guda takan ɓace cikin masu kyau da yawa, kowa ya ci ɗan rabonsa bai sani ba, har baƙon da ya saya a bayan teku.

Na tara mutane a ƙofar gidan mai gari bayan la'asar, na shimfiɗa tabarma, na zube mudu guda, na tsuguna ina rabawa. Cikakku masu jar fata a dama. A hagu yamutsattsu, da masu baƙin tabo, da waɗanda in ka raba biyu za ka ga wata ƙura kore-kore a tsakiya, fumfuna ke nan. Na yi dogon jawabi har da kalmomin Faransanci da na san ba wanda ya ji. Da na gama, wani tsoho abokin Baba ya nuna tarin hagu da sandarsa.

"To, mushe, waɗanga da kah hidda, mi za a yi da su?"

Ba a koya mana ba, don a buro ba wanda ya damu da abin da zai rage a gida. Maimakon in ce ban sani ba, sai na ɗaga kafaɗa.

"Ku yi yadda kunka ga dama da su, baba. In dai ba su koma cikin buhu ba."

Maganar ke nan da na faɗa, a tsaye, hannu a aljihu. Ban ƙara ko kalma ba, na hau kekena.

Gari ya fi ni wayo. Idan ina nan sai a tsince, da zarar na ba da baya sai a juye tarin hagu cikin buhu a girgiza. Na sani, na yi faɗa, na yi barazanar kai ƙara, suka yi mini kunnen uwar shegu. Gida ɗaya ne aka bi dokata yadda na faɗe ta, gidanmu. Inna ba ta san ƙasashen waje ba, ba ta kuma damu da kunyar ƙasa ba. Abin da ta sani shi ne ɗanta ya tsaya gaban jama'a ya yi magana, kuma ba daga ɗakinta za a ƙaryata shi ba. Ga ta da ido. Takan zauna gindin bishiyar bedi da faifai a cinya, yatsunta na tafiya cikin gyaɗa, ba ta ko duba sosai, ta fizgo mummuna ta jefa a wata tsohuwar ƙwarya mai ɗinki da ke gefenta. Ranar awo a kasuwar Cadakori, mai karɓa ya tura hannu cikin buhunmu har gwiwar hannu, ya ɗebo, ya ɗaga wa mutane ya ce su dubi gyaɗar gidan su mushe. Wani babba daga buro ya ba ni hannu a gaban kowa. Ranar ko abinci ban iya ci ba don daɗi.

Abin da ban lissafa ba, Inna ta ga yunwa tana yarinya. Ba ta cika ba da labarin ba, sau ɗaya na ji ta ce sun tone gidan tururuwa don ƙwayar hatsi. Mace irin wannan ba ta zubar da abin da za a iya taunawa. Tuwon da ya kwana takan ɗumama, ƙanzo takan jiƙa, tsabar da ta faɗi ƙasa takan tsince ta hure. To ga ƙwarya cike da gyaɗa, an hana ta shiga buhu. Ba ta zuba mana ita a miya ba, ta ce yara da maza ba sa jure ɗaci. Sai ta mayar da ita tata. Ta soya a kasko, ta daka ta dama kununta ita kaɗai, ko ta ƙulla a gefen zane tana jefawa a baki tana aiki.

Na gani da idona, ba sau ɗaya ba. Har tsokanarta nake yi.

"Inna, ke kam bakinki bai san ɗaci ba?"

"Shina ji mana," ta ce, tana tauna tana yamutsa fuska. "In ta wuce wuya ai shi ke nan. Kai dai tahi aikinka."

Na yi dariya na tafi aikina. Haka aka yi shekara biyu, ba abin da ya same ta, ko kuma ba abin da muka gani.

A shekara ta uku ruwa ya yaudare mu. Ya ɗauke, muka cire gyaɗa muka tara a gona don ta sha iska, sai ya dawo ya yi kwana uku yana zuba a kanta. Da aka buɗe tarin, ɗumi ne ya fara bugun fuska, sai wari irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Kowa a garin ya shanya tasa sama-sama ya cusa a buhu. Ni kuwa na ce bana ne ma za a ga bambanci. Na tsaya a kan Inna da yayata, wadda take aure a gidan da ke bayan namu, na sa suka tsince sau biyu. Buhunanmu suka ragu, amma suka fita tas. Abin da aka fid da ya fi ƙarfin ƙwarya, ya cika kwando, ya cika wata tsohuwar randa a ɗakin Inna. Gero kuma bai yi auki ba a shekarar. Yanzu na san dalilin da ya sa tuwo bai taɓa yanke mana ba duk ranin nan: bakin mutum ɗaya ne ya janye daga akushi.

Gajiya ce ta fara zuwa. Matar da takan yi daka tun asuba ta je rijiya sau uku, sai ga ta tana ajiye taɓarya tana dafa turmi. Ta daina zuwa itace. Na tambaye ta ko ba ta cin abinci ne.

"Ci nika yi, ɗan nan. Amma kamar ba ya kai inda za shi kai. In ci in tashi, ƙahwahuna su ce ba su ga komi ba."

Na ce tsufa ne, alhali ba ta kai hamsin ba. Daga nan farin idonta ya koma rawaya, fitsarinta ya yi duhu, jiki ya kama ƙaiƙayi. Kowa ya ce shawara ce, shawara kuma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Yaya ta jiƙa mata saiwar rawaya, Baba ya karɓo rubutu, aka hana ta mai da gishiri. Ba wanda ya hana ta randar ɗakinta, don ba wanda ya ɗauki gyaɗa a bakin komai.

Mutum ɗaya ce ta yi tambayar da ta dace. Akwai wata Bafulatana, tsohuwar ƙawar Inna, da rugarsu take sauka kusa da gonarmu kowane rani, tana kawo nono tana karɓar gero. Ta shigo wata rana da hantsi, ta sauke ƙwarya, ta dubi Inna ta daɗe. Ta ja fatar idonta ƙasa da yatsa, ta danna mata ƙarƙashin haƙarƙari na dama, Inna ta zabura. Sai ta juyo wurina, ina tsugune ina gyaran sarƙar keke. Hausarta ba ta raba mace da namiji.

"Ɗan lakol, wannan hanta ne. Nagge in ya yi haka, muna tambaya ina ya yi kiwo, wane ruwa ya sha. Inna naka mi yake ci?"

Na ji haushi. Ni da takarda, mai tallan nono za ta kwatanta mini uwata da saniya. Na ce mata abin da kowa ke ci take ci, kuma mutum ba dabba ba ne. Ta dube ni, ba ta yi fushi ba, ta ce to, Allah ya sawwaƙe. Ta zuba wa Inna nono ba ta karɓi gero ba, ta ɗauki ƙwaryarta ta fita. Randar tana nan bayan ƙofa, taku uku daga inda take tsaye. Da na bar ta ta ƙara tambaya ɗaya, da ta kai hannu.

Layya ta zo cikin zafin nan. Baba ya yanka rago, aka gasa hanta da fari yadda aka saba, ya yanko wuri mai kyau ya aika wa Inna. Ta kai hanci, ta mayar, ta juya fuska. Lokacin ciki ya fara tasowa, ƙafafu sun kumbura, hannuwa kuwa sun tsotse. Mata masu zuwa gaisuwa suna fita suna ƙus-ƙus, wasu na cewa jifa ne, wasu na cewa ta taka wani abu. Na ɗora ta a jaki, ina riƙe da ita Yaya na ja, har bakin hanya, muka samu motar kaya zuwa birni. Likitan da ya duba ta mutum ne mai kirki. Ya taɓa cikin, ya zuƙe ruwa da allura har ta samu numfashi, sannan ya ja ni gefe ya ce mini da Faransanci hantar ta gama aiki, mu kai ta gida cikin 'yan'uwanta. Na tambaye shi me ya kawo haka. Ya ce a ƙasar nan hanta na da maƙiya da yawa.

Ta yi sati uku a gida. Kwanakin ƙarshe barci ya yi mata yawa, in ta farka sai ta kira ni da sunan ƙanenta da ya mutu tun kafin a haife ni. Ta cika da rana, ranar da aka yi ruwan shuka, duk gari na gona. Ni da Yaya ne a kanta. Bayan kwana arba'in aka share ɗakin, aka tarar saura kaɗan a gindin randar, aka watsar a bola. Na ci gaba da aikina. Na ci gaba da tsayawa ƙofar masu gari ina raba dama da hagu, kuma an ƙara mini girma.

Shekara bakwai bayan haka aka tura mu babban birni kwas na wata uku kan ajiyar amfanin gona. Wanda ya koya mana wani siririn mutum ne ɗan ƙasarmu, ya yi karatun sinadarai a waje, ba ya dariya, alli kullum a hannun rigarsa. Ya ce mana fumfunar da ke kama jiƙaƙƙiyar gyaɗa tana fid da dafi, wuta ba ta kashe shi, suya ba ta kashe shi. Ya ce an gano shi ne lokacin da tsuntsayen kiwo suka yi ta mutuwa a ƙasar Turawa bayan sun ci abincin da aka haɗa da gyaɗa. Ya faɗi haka ba tare da ya ɗaga murya ba, amma na ga ya tsaya ya dube mu. Sai da tsuntsayensu suka mutu aka bincika. Mu da muke ci tun kaka da kakanni ba wanda ya taɓa leƙa cikinmu.

Sannan ya zana hanta a allo. Ya ce duk abin da hanji ya tsotsa, jini hanta yake fara kai wa, ita take tacewa, ita take rabawa, ita take sarrafa mai da sukari, don haka ita take fara gamuwa da kowane dafi. Ya ce hanta tarin ƙananan ɗakuna ce da ido ba ya gani, kuma cikin kowane ɗaki akwai ɗaruruwan wasu 'yan murahu, ya rubuta sunansu, mitokondiriya. Can ne abinci yake zama ƙarfi. Amma ba ƙonewa yake yi gaba ɗaya da harshen wuta ba, da haka ne da mun babbake. Ana ɓare abincin ne a zare masa wasu ƙwayoyin lantarki, ilektaron, sai a miƙa su ga wani layi na ma'aikata da ke jere a bangon murhun. Na farko ya karɓa ya miƙa wa na biyu, na biyu ya miƙa wa na uku, kowane miƙi ƙwayar tana sauka ƙasa kaɗan tana sakin ƙarfi, a wasu wurare na layin kuma ana kama ƙarfin a ƙulle shi, shi ne jiki yake kashewa wurin daka da tafiya da tunani. A ƙarshen layi iskar da muke shaƙa ce take tsaye, ita take karɓar ƙwayar, ta zama ruwa. Ya ce dalilin numfashi ke nan, ba wani ba.

Wani a bayana ya ce bai gane ba. Malamin ya tambaye shi ko ya taɓa ganin ginin rufewa, rumbun laka. Ya ce to haka ne: mutane a jere daga ramin laka zuwa kan gini, curi na tafiya hannu zuwa hannu. A ɗaure hannun mutum ɗaya a tsakiya, me zai faru? Na bayansa su tsaya riƙe da laka, na gabansa su tsaya hannu wofi, laka ta taru a ƙasa ta bushe, ginin ya tsaya, alhali ga laka ga ruwa ga magina. Ya ce dafin nan yana ɓarna ta hanyoyi da dama, ɗaya daga ciki shi ne yana lalata murahun nan, layin ya yi rauni. Mai ya shigo hanta ba a ƙone shi ba, ya taru ya kumbura ta. Ɗakunan su mutu ɗaya bayan ɗaya, tabo ya maye gurbinsu. Ruwan ɗacin da ya kamata ya sauka hanji ya koma cikin jini ya rina ido. Mutum yana ci, yana numfashi, amma abincin ba ya zama ƙarfi.

Ina rubutu a littafina, sai na ga hannuna ya tsaya. Abin da Inna ta faɗa mini ke nan, kusan kalma da kalma, ita da ba ta taɓa riƙe alli ba. Malamin ya ci gaba da magana kan yadda za a shanya, yadda za a ɗaga buhu daga ƙasa. Ya ce mafi yawan dafin yana cikin 'yan tsirarun ƙwayoyi ne, yamutsattsu da masu tabo, shi ya sa tsincewa take da amfani ƙwarai. Amma abin da aka tsince a ƙone shi ko a binne, kada mutum ya ci, kada dabba ta ci, don ka tattara dafin gona guda ke nan wuri ɗaya.

Da aka tashi na bi shi har ɗakin gwaje-gwajensa. Ban ce uwata ba ce. Na ce wata mata ce a wani ƙauye, na ba shi labarin ƙwarya da randa da shekarar ruwa. Ya saurara yana wanke kwalabe. Ya ce ba zai iya rantsuwa ba. Akwai shawarar da ake ɗauka daga mutum, akwai tsutsar ruwa, akwai wasu saiwoyin magani ma da suke cin hanta, kuma ba kowace fumfuna ce take da dafi ba. Sai an gwada gyaɗar kanta. Na ce yaya ake gwadawa. Ya ce akwai hanyar fitila da sinadari, amma mafi tsufa ita ce a ba 'ya'yan agwagwa, don ba abin da ya kai su saurin nunawa. In akwai dafi sosai, cikin 'yan kwanaki za su mutu, kai a lanƙwashe baya, ƙafafu a miƙe. Tunda gyaɗar matar nan ta daɗe da zama ƙasa, ya ce, ba mai iya sani sai Allah.

Na riƙe wannan magana da hannu biyu. Ba mai iya sani. Wataƙila shawarar ɗauka ce, wataƙila rawayar da Yaya ta jiƙa ce ta yi yawa. Har na ji wani ɗan sanyi da na tuna rawayar, abin kunya, don in ita ce, laifin ya koma kan Yaya. Da wannan na ƙarasa kwas ɗin, na ci jarrabawa da maki mai kyau, na dawo gida.

Na sami Yaya da hantsi a tsakar gidanta tana matsar tunkuza, mai na tsattsafowa yana gangarawa cikin kwano. Lokacin Baba ma ya rasu, mu biyu muka rage da za mu iya zancen. Ta ba ni tabarma, muka gaisa, ta tambayi birni. Na daɗe ina kewaye-kewaye kafin na shiga maganar. Na faɗa mata fumfuna, na faɗa mata dafi, na gwada faɗa mata layin masu miƙa laka, ta ce in bar wannan in faɗi abin da ya kawo ni. Na ce ana zaton irin gyaɗar da Inna ta ci tana taɓa hanta, amma malamin da kansa ya ce ba tabbas. So nake ta ce mini in bar zancen, wa'adi ne. Don in nuna mata yadda abin yake da wuyar sani, sai na ƙara da cewa su kansu masanan sai sun ba 'ya'yan agwagwa suke ganewa.

Hannunta ya tsaya cikin tunkuza.

"Ɗiyan agwagwa?"

"I. In sunka mutu, to akwai dahi. Mu kuwa ba mu gwada ba."

"An gwada," ta ce.

Na dube ta. Ta share hannu a zane, ta gyara zama, ba ta dube ni ba.

"Kai ba ka zama gida, kullum kana bisa keke, ina za ka sani. Shekarar da ruwa yad daki gujjiya, abin ya yi mata yawa, ta ce ba ta iya cinye shi ita ɗai. Tana da agwagwa da taƙ ƙyanƙyashe, ɗiya tara. Tad daka taz zuba musu. Kwana huɗu, biyar, sunka hwara hwaɗuwa. Ni nik kwashe su da hannuna. Wuya ya karye baya, ƙahwahu sun miƙe, kamar an ja su."

Na ce, "To da tag ga haka?"

"Ta ce ashe abin ga ya hi ƙarhin tsuntsu. Tad daina ba su, kar ta rasa uwar."

"Ita kuma tac ci gaba da ci."

"Ta ce ita mutum ta babba, cikinta ya saba."

Na ji wani abu ya taso mini, na rasa inda zan sauke shi, sai na sauke a kanta. Na ɗaga murya, na ce ita da ta gani da idonta me ya hana ta faɗa mini, ina gari ɗaya da su, ina kwana gida ɗaya da randar. Sai a lokacin ta ɗago ta dube ni. Ba hawaye a idonta, ta riga ta yi kukanta shekaru da suka wuce.

"Na so in hwaɗa ma. Ita ta hana. Ta ce in kaj jiya, ko dai ka ce a zubar da abinci, ko ka ce a maida cikin buhu ka ji kumya gaban gari, duka biyu ba ta so. Ta ce kar a tada ma hankali da zancen agwagi, kai da kaka aikin ƙasa."

Ta mayar da hannu cikin tunkuza ta ci gaba da matsa. Na zauna a tabarmar nan har rana ta take, ban iya tashi ba, ita kuma ba ta ce mini in yi haƙuri ba.